Ranar da Fim ɗin Marainiya Ya Sa Na Kira Sunan Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙo ya zo mana daga ƙetaren iyakar Benin ba, ko da kuwa haƙorana sun ƙare.

Ɗana na fari da matarsa Hadiza sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba. Sai suka nemi riƙon wata marainiya, ɗiyar ƙawar Hadiza da ta rasu a Kaoje. Hadiza ta tara littattafai kan riƙon maraya, tana karanta mani bayan la'asar: kada a ɓoye wa yarinya asalinta, kada a sauya mata sunan uba, in ta yi kukan uwarta a bar ta ta yi. Ni da na yi rainon ɗiya har bayana ya gaji, a can na ji abin da ban sani ba. Yarinyar nan Hadiza, Allah ya yi mata albarka.

To, baƙon nan kawun marainiyar ne, ya zo ganin gida, don bai yanke shawarar ba mu ita ba tukuna. Hadiza ta ce, "Inna, ke ce babba, ki zauna kusa da shi." Na zauna da carbi, fuska a ɗaure. Sai ta kunna wani fim da take koyo da shi a akwatin talabijin, don kawu ya ga irin shirinsu.

(Na san wasa ne fa. Na sani sarai.)

Ana cikin kallo, matar gida ta cikin fim ɗin ta raba wa ɗiyanta nama, ta tsallake marainiya. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana lasar yatsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwaɗa wa ɗana kira, da sunansa na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar suna: "Tashi ka amso mani ɗiyag ga!"

Ɗana ya rasa inda zai sa ido. Na koma na zauna a hankali, ina neman ƙasa ta tsage.

Kawun ya dube ni, ya dubi Hadiza, ya ce, "Gidan da tsohuwa ke zubar da kunya saboda ɗiyar cikin akwati, tamu ba ta kwana da yunwa. Ku zo ku ɗauke ta."

Ga ta nan yanzu tana jan zanena. Ni kuwa na koyi darasi: in Hadiza za ta sa fim, sai ta fara gaya mani ƙarshensa, kuma ɗana ya bar ɗakin.