Ranar da Hajiya Tumba Ta Ga Kanta a Talabijin Ɗina

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da talabijin ɗina ta tona mini asiri ba.

Ni ba mai yawo ba ce. A bar ni da ɗakina da fim mai dogon zango, shi ke nan duniya ta yi daɗi. Maigidana ya sayo mana 'yar na'urar da ake soka wa filas, ɗan abin nan da ake adana fina-finai a ciki, duk mako yana kai filas ɗin shagon turi a kasuwar Gummi a zuba mini sababbi. Matsalar, masu turin nan zubawa suke kamar hatsi a buhu. Ka buɗe kashi na biyu ka tarar an binne mutumin da bai ko fara ciwo ba.

Sai ya koya mini amfani da waya in ware kowane fim a foldarsa, wato ma'ajiyarsa. Ya ce in na jefa hoto a ciki, na'urar za ta nuna shi a bangon fim ɗin. To, ni da karatuna bai yi nisa ba (rubutun Turanci kallon kiyashi nake masa), ai an ba ni abin yi! Amma kunne gare ni. Duk ɗan wasan da ya buɗe baki, sai in ji muryar wani a unguwarmu. Na kwaso hotunan biki na shiga rabo. Fim ɗin marowaci, na sa masa hoton mai shagon bakin titi. Fim ɗin sarkin barci, maigidana da kansa. Ina yi ina dariya ni kaɗai.

Akwai kuma fim ɗin wata masifaffiya mai korar duk wanda ya zo neman ɗiyarta da muciya. Muryarta sak ta Hajiya Tumba maƙwabciyarmu. Na manna mata hoton Hajiya, wanda na ɗauka a wani suna, ta kai loma baki.

Ashe ƙanena Sanusi ɗiyar Hajiyan yake so, uwar kuwa ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Inna ta ce, "Ke kina kusa da ita, jawo ta jiki." Na gayyace ta kallo bayan la'asar, na dama fura da nonon da aka kawo mini daga Nasarawa Burkullu, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta zo da ƙawayenta. Ina ta rawar kai, na danna rimot.

Sai ga ta. Ta cika talabijin, kumatu dam da shinkafa.

Na danna in fita, fim ɗin ya buɗe, matar ta fito da muciya tana bin wani saurayi.

"Ke ɗiyar nan," in ji Hajiya, "mi ya kai ni cikin akwatinki?"

Na ce, "Hajiya, na'urar ce ke zaɓa." (Allah ya yafe mini.)

Ƙawarta ta ce, "Lalle na'urar ga ta san mutane!" Suka kwashe, har ɗaya ta ƙware da fura. Ni dai na riga na yi wa auren Sanusi salla a zuciyata.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama ta ce, "Bar shi, in ga abin da ni yi."

Kullum sai ta zo, har fim ya ƙare. Tana kallo tana cewa, "Gaskiyarta! Kore shi!" A kashin ƙarshe, da matar ta zauna ita kaɗai, samari sun ƙaurace wa gidan, Hajiya ta daina goya mata baya, ta jawo mayafinta ta miƙe. Da za ta tafi ta ce, "Ki ce wa Innarku su turo manya. Kuma ki cire wanga hoto, zan aiko miki da wanda ni sa leshi."

Ta aiko kuwa, yana nan har yau. Sauran fina-finan dai na koma manna musu hoton awaki. Akuya ba ta zuwa kallo.