Mutum-mutumin Darakta

Duk unguwar ba a taɓa yin gwanin lambu kamar Darakta ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu a takardu ai ba ya ƙarya. Tun da ya yi ritaya 'ya'yansa suka laƙaba masa Uban Furanni. Bai taɓa riƙe tiyo ba, amma ya iya nuni da sanda.

Matarsa kuwa 'yar ban ruwa ce kawai. Shekara ashirin tana ɗan tone-tonenta a bayan gida, tana shuka a cikin tarkace: butar marigayiya uwar mijinta, takalmin makarantar 'yar farinsu, tsohuwar rediyon da suka saya suna amarci. Ta jera su a jikin katanga, kowanne fure na leƙowa daga bakinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Da aka ce wata mai ɗaukar hoto daga mujalla za ta zo ganin lambun, Darakta ya ɗaura ɗamara. Ya kawo zakuna biyu na siminti masu kama da kyanwa mai ciwon haƙori. A tsakiya ya kafa mutum-mutumin kansa, hannu ɗaya a sama, har da tabarau. Da safiyar ranar, matar tana kicin, ya kira ɗan gwangwan ya kwashe tarkacen katanga kaf.

Ta fito ta ga ƙusoshi tsirara. Inda butar take a da ta fi daɗewa tana kallo.

"Baban yara, ina kayana?"

"Bola kike nufi? Yau ranar manya ce. Ki kawo lemo."

Baƙuwa ta iso. Darakta ya gyara murya.

"Malama, wannan zakin ƙarfi ne. Wancan kuma ƙarin ƙarfi. Wannan furen daga waje na yi odarsa, sunansa ba zai faɗu a bakinki ba."

Furen dai barkono ne, bai kai ga 'ya'ya ba.

Baƙuwa ta yi ta waige-waige. "Yallaɓai, ina katangar butoci? Maƙwabciyarku ta turo min hotonta, dominta na zo."

Darakta ya hau gyaran tabarau. Matarsa ta ajiye tire, ta ja mayafi.

"'Yar nan, kina iya sauri? Baron ɗan gwangwan ɗin nan taya ɗaya ne, kuma ba iska."

A kwanar layi ta biyu suka cim masa. Nan a bakin titi matar ta tsamo butar surukarta, ta kakkaɓe ƙasar da ke ganyen, baƙuwa tana ta ɗauka.

Da suka dawo, Darakta yana tsaye kusa da ɗan'uwansa na siminti, ya ɗaga hannu iri ɗaya, yana jiran nasa hoton.

"Yallaɓai, ɗan matsa, kana tare wa Mama haske." Ta dubi mutum-mutumin. "Mama, wannan na korar tsuntsaye ne? Yana aiki kuwa?"

Matar ta ɗaga kai. Kurciya tana zaune daram a kan sanƙon, ta riga ta bar masa farar shaida har kan tabarau.

"Haka yake tun asali," in ji ta, tana rataye butar. "Tsayuwar dai ya iya."