Ranar da Inna Ta Tashe Ni Daga Mutuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a filin lakol ɗinmu, wato makarantarmu ta Gangara ba, a gaban iyayen yara da anspekta da ya taso takanas daga Gazawa.

Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, kaina ya fi hulata girma. Na rubuta wasan kwaikwayo don bikin rufe lakol, a kan wani manomi da ya sare itatuwan gawon gonarsa kaf, ƙasa ta gaji ta mutu, shi ma ya bi ta. Duk zaman shayi sai na gaya wa abokin aikina Mushe Isufu cewa wannan wasa jikokinmu za su gada. Shi kuwa sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Bari dai shi kai la'asar tukun." Ni na rubuta, ni na koyar, ni kuma na fito a manomin, wai don jawabinsa ya fi ƙarfin haddar yara (gaskiyar magana, ban so kowa ya sha wannan tafin ba).

Abu ɗaya ya rage, farin ƙyallen da za a lulluɓe gawa. Da safe na leƙa ɗakin Inna, ta tafi barkar haihuwa. Na buɗe akwatinta, sai ga farin yadi sabo fil a ninke, yana ƙanshin turare. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna mai alkunya ce ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai ta ce, "Ku kira min wancan." Ko kallona ba ta yi a cikin mutane, balle ta zo bikin lakol. Wani lokaci abin yakan yi min ciwo, ban dai taɓa faɗa ba.

Da hantsi aka fara, kuma ba yabon kai ba, na mutu da kyau. Mata har da salati. Yara suka lulluɓe ni, na kwanta ina hango wasana a Maradi, har da Yamai. Sai na ji jan takalmin da na sani tun ina rarrafe. Ashe ta dawo ta tarar da akwati a buɗe, ƙanwata kuma ta tona ni.

Aka yaye ƙyallen.

"Tashi," in ji Inna.

"Inna, wasa ne," na ce ƙasa-ƙasa, idona a rufe, don har lokacin ina ƙoƙarin riƙe mutuncin gawa. Na manta makirhon lasifika yana daidai kaina. Har masu tuyar ƙosai a bakin ƙofa sun ji.

"Na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Wanga likkafanina ne, yayata ta kawo min shi daga Makka." Ta kakkaɓe shi, ta ninke a hankali. "Ni za a sa ciki, kai ka tsaya bisa kaina. Ba ka riga na, ko da wasa."

Sai ta kira sunana. A gaban kowa.

Gawa ta miƙe tana kakkaɓe wando. Fili ya ɓarke da dariya, anspekta har da share hawaye. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma can ƙasan kunyar wani daɗi nake ji kamar yaron da aka goya. Mushe Isufu ya dubi rana ya ce, "Ko azahar bai kai ba."

Na rantse na bar rubutu. Da shekara ta zagayo, yara da kansu suka ce za su sake wasan. Suka datse jawabina saura ƙiris, suka ƙara wata tsohuwa mai jan takalmi. Tun daga nan kusan duk rufe lakol sai an yi shi, har na ji ana yi a Cadawa. Ba wanda ke tambayar wa ya rubuta, amma duk yaron da ya kwanta a gawa, sunana ake kiransa da shi.

Inna ta rasu shekarun baya. A cikin yadin nan aka sa ta, na kuma tsaya bisa kanta kamar yadda ta ce.

Bana na je kallo. Wata 'yar yarinya da ɗankwalin kakarta ta ja takalmi, ta yaye ƙyalle, ta ce, "Ba ka riga na, ko da wasa," ta kira sunana. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, har sai da na rufe fuska da hula.

Yanzu in matasa suka tambaye ni ko wasan zamani zai iya daɗewa, nakan ce zai iya, nawa ma ga shi nan. Sai dai abin da ya daɗe a cikinsa shi ne wurin da marubucin ya kwanta ya yi shiru. Kuma don Allah, a riƙa tambaya kafin a buɗe akwatin tsohuwa.