Yadda Za Ki Zaɓi 'Yan Ƙwallon Kwando Don Kada a Miƙa Miki Makirufo

'Yar'uwa, idan an jefa ki cikin gasar fantasi ta ƙwallon kwando ba tare da an nemi yardarki ba, gyara zama. Ki bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na ba ki tabbacin ba za ki zo ta ƙarshe ba. Ban ce za ki zo ta ɗaya ba. Ta ɗaya kowa kallonta yake yi, mu kuwa ba kallo muke nema ba.

Ga wadda ba ta san abin ba, manhaja ce a waya. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga babbar gasar Amurka ya haɗa tawagarsa. Duk abin da suka yi a fili can, sai ya zama makinki a nan. Su yi gumi, ke ki yi fankama.

Taubashina Mudassir, ɗan Gwaggo Uwaliya ta Kabo, shi ya jawo wa danginmu wannan aiki. Da farko besbol ya so, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki a zura a guje. Ya yi mana bayani har cajinsa ya ƙare, ba wanda ya gane wa ke bin wa, sai aka koma kwando. Da maganar ta kai kunnen mahaifinmu, Baba Malam, ya ce wasa dai a yi, amma ranar da kuɗi ya shiga ciki ya zama caca, kuma zai ji. Sai Mudassir ya nemo hukuncin da ya fi biyan tara ciwo: duk wanda ya zo na ƙarshe, shi zai riƙe makirufo ya yi jawabin godiya a taron zumuncin da dangi ke yi a Kabo bayan ƙaramar Sallah.

Sunana Badi'a. Ƙididdiga na karanta, kuma har na bar jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Idan baƙi suka yi sallama a gidanmu na Gwarzo, ni ce mai tuna cewa na bar abu a wuta. Yanzu kin san abin da nake gudu.

Mataki na ɗaya: Kada ki kalli wasan

Lokacin da suke buga wasanninsu, mutanen kirki a Gwarzo barci suke yi. Wannan rahama ce. Wadda ta kalli wasa za ta ga wani ya yi tsalle mai kyau, ta ji ya burge ta, burgewa kuma ɓata lissafi take yi. Ke dai ki yi sallar asuba, ki share tsakar gida, ki dama koko, sannan ki buɗe waya ki duba alƙaluma. Alƙaluma ba su da murmushi, ba su da askin gayu.

Ni kaina har yau ban taɓa ganin wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Shi ya sa ra'ayina yake da tsafta.

Mataki na biyu: Bar wa manya zaɓin farko

Ranar zaɓe, manhajar ce ke jefa ƙuri'a ta faɗi wanda zai fara ɗauka. Ni ta faɗo wa. Ban gama murna ba sai ga saƙon murya daga babban wanmu, Yaya Lukuman.

"Badi'a, a wane gari ƙanwa take riga yayanta sa hannu a kwano?"

"Tuba nake, Yaya. Bismillah."

Muka yi musayar wuri, na koma can ƙarshen layi.

Idan haka ta same ki, kada ki ji zafi. Manya suna suke bi, ba sa tambayar lafiyar ƙafa. Yaya Lukuman ya kwashe duk waɗanda ya taɓa ganin sunansu a bayan riga cikin tulin gwanjo ranar kasuwa. Ga ƙa'idar da ba a koyarwa a kowace makaranta: kafin rigar ɗan wasa ta fita daga shago a Amurka, wani ya saya, ya sa, ya gaji da ita, a ɗaure ta cikin dila, ta hau jirgin ruwa, ta iso hannun ɗan gwanjo a Gwarzo, gwiwar mai sunan ta riga ta tsufa. In kin ga sunan ɗan wasa a bayan ɗan acaɓa, ki yi masa fatan alheri ki wuce.

Mataki na uku: Nemi masu wanke tukunya

Ki lura da gidan biki. Akwai wadda ke cikin kowane hoto, ɗaurin ɗankwalinta kaɗai ya ci rabin yini. Akwai kuma wadda tun safe tana can wajen murhu, hayaƙi ya ja mata ido, kuma in ba don ita ba da kowa ya koma gida da yunwa.

'Yan ƙwallo ma haka suke. Wani zai yi tsalle ya rataya a jikin kwando, bidiyonsa ya zaga wayoyin dangi kaf. Kafin ki ruɗe, duba minti nawa kocinsa ke barinsa a fili. Sau da yawa bai fi lokacin soya ƙwai ba. Wanda kike nema shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa: mai cafke ƙwallo idan ta daki ƙarfen kwando ta dawo, da mai miƙa wa wani ya jefa a yabi wanin. Manhajar tana ba da maki a kan duk wannan. Fara duba minti, sannan cafka, sannan miƙawa.

Sunayensu kuwa kada su wahalar miki da harshe, raɗa musu naki. Ni ina da Falwaya, dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, da Mai-Kyauta, wanda ƙwallo ba ta ɗumi a hannunsa sai ya ba wani. Da su biyun nan na zauna lafiya a tsakiyar tebur, inda ba a ganin mutum. Nan ne unguwar masu hankali.

Mataki na huɗu: Kada ki yi wa taubashi tayi

Kowa ya san tayi. Kina cin abinci, wani ya shigo, ki ce bismillah, ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Ba wanda ya ci na wani, kowa ya fita kunya. Manhajar nan ba a gidan mutunci ta tashi ba, ba ta san wannan ba. Taubashi kuwa ya sani sarai, damuwa ce bai yi ba.

Mudassir ya kawo wa Innarmu saƙo daga Kabo, ya same ni a tsakar gida ina tsince wake.

"Malama mai lissafi! Wallahi Mai-Kyautan nan naki yana burge ni."

"Ai ga shi nan, naka ne," na ce, kamar yadda ake faɗa idan an yaba mayafinki.

"Allah?"

Kafin in ɗago kai wayata ta yi ƙara. Ya turo buƙatar musaya. Zai karɓi Mai-Kyauta, ya ba ni wani bawan Allah da aikinsa a benci shi ne kaɗa tawul idan wasu sun ci.

"Danna mana, 'yar kawu. Ko janye kyauta za ki yi a gaban Inna?"

Inna ba ta san me ake bayarwa ba, amma daga bakin madafa ta ce, "Badi'a, rowa ba halinki ba ce."

Na danna.

Mu masana muna kiran wannan dabarar rage wa tawaga nauyi, sai dai ba ta 'yan koyo ba ce. Ke in aka yaba ɗan wasanki, ki ce masha Allah, ki kife wayar, ki ci gaba da tsince wakenki.

Mataki na biyar: Kada ki duba rahoton jinya a gaban gwaggo

Ba a jima ba Falwaya ya gurɗe idon sawu, aka ce zai daɗe a kwance. Ƙa'ida a nan a fili take: ki sallame shi, ki ɗauko mai ƙafa biyu. Danna wuri ɗaya ne kawai. Amma ki yi shi a ɗaki, ki turo ƙofa.

Ni a Kabo na buɗe wayar, ranar da na je gaida Gwaggo Uwaliya. Ta leƙo ta kafaɗata.

"Wannan jan rubutun fa a jikin hoton yaron nan?"

"Ciwo ya ji, Gwaggo. Cire shi zan yi in sa wani."

Ta ajiye carbinta. "Garin yi miki wahala ya ji ciwon?"

"To, kusan haka ne."

"Da yana da ƙafa kin more shi, yau ya kwanta za ki kore shi? A gidan wa kika ga ana haka? Ba dai gidan ƙanena ba."

"Gwaggo, bai ma san ina duniya ba."

"Ai Allah ya sani."

Na kife wayar. Falwaya ya zauna a tawaga, yana tsare wuri ba ya kawo maki. Daga ranar, duk sanda Gwaggo ta kira Inna sai ta ce a ba ni wayar.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Yana taka ƙafar?"

"An ce ya fara."

"Su can ba su da masu ɗori ne? Akwai wani da na sani a Getso, da kusa ne da tuni ya miƙe."

Ina amsa gaisuwar jinya, ina gangarowa ƙasan tebur mako bayan mako, har ya zama ba kowa kusa da ni sai Yaya Lukuman da tsofaffinsa. Mudassir ya ɗauki ɗabi'ar turo hoton makirufo a zauren dangi kowace safiya, ya rubuta a ƙasa, "Gwaji, gwaji. Ana ji na a baya?" Na fara tsayawa gaban madubi in gwada sallama. Ko madubin ba na iya kallo.

Mataki na shida: In kin ci babba, ki je ki yi masa jaje

Makon ƙarshe ya faɗo cikin azumi, kuma manhajar ta haɗa ni da Yaya Lukuman. Wanda aka ci shi ne na ƙarshe, shi ne mai makirufo.

A irin wannan lokaci kociyoyi ke hutar da dattawan 'yan wasa, don haka rabin tawagar Yaya suna benci cikin kayan gida. Ni kuwa wata safiya na buɗe waya na ga jan rubutu ya bar hoton Falwaya. Ya dawo kamar wanda aka tsare wa abinci, duk ƙwallon da ta daki ƙarfe a hannunsa take sauka. Da na sallame shi tun farko, da tuni Mudassir ya tsince shi. Na wuce Yaya da ƙyar.

Idan aka tambaye ki yadda aka yi, ki ce alƙaluma ne suka nuna miki zai dawo. Kada ki ambaci gwaggo. Ita dai da ta ji labari cewa ta yi, "Ki gaishe shi, ki ce ya rage tsalle."

Kuma kada ki yi murna a fili. Ni bayan an sha ruwa na sami Yaya a kan tabarma, na durƙusa.

"Yaya, sannu da haƙuri."

Ya dube ni, ya yi murmushi. "Ba komai, ƙanwata. Allah dai ya kai mu Kabo."

Ki riƙe wannan murmushin a ranki. Ni ban riƙe ba.

Mataki na bakwai: Karanta dokar gasa har ƙarshenta

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, janareto yana ruri. Kulolin shinkafa suna gefe a rufe, domin a danginmu ba a buɗe abinci sai an gama jawabin godiya. Na zauna can baya kusa da kulolin, hankalina kwance.

Yaya Lukuman ya miƙe cikin babbar riga, ya karɓi makirufo. Nan na gane ba hukunci aka yi masa ba, gata aka yi masa. Ya gode wa kakanni, na raye da waɗanda suka riga mu. Ya gode wa 'yan Sabon Birni da suka zo, da waɗanda suka yi niyya mota ta hana su. Ya gode wa mai rumfa. Ya gode wa mai janareto, ya kuma gode wa mahaifin mai janareton. Yara suka fara kuka, dattawa suna satar kallon kuloli.

Sai ya gyara murya.

"Kafin in zauna, ba zai yi kyau a tashi ba mu ji daga bakin ƙwararriyarmu ba, wadda ta kayar da yayanta cikin watan azumi. Ƙanwata Badi'a, zo ki tofa albarkacin bakinki."

"A yi mata kabbara!" in ji Mudassir.

Dokar ta ce na ƙarshe zai riƙe makirufo. Ba ta ce ba zai miƙa wa wani ba. Kuma ba a ƙin kiran yaya a gaban iyaye.

Na taka har gaba ina jin ƙarar takalmina. Makirufon yana da nauyi, yana ƙamshin turaren Yaya. Na ce, "Assalamu alaikum," muryata ta fita ta lasifika, ta daki katangar maƙwabta, ta dawo mini kamar ta wata. Na ga idanu. Na ga Gwaggo tana gyaɗa mini kai. Sannan na ga kuloli.

"Duk abin da zan faɗa, Yaya ya riga ya faɗa," na ce. "A buɗe abinci."

Tunda ake taron nan ba a taɓa yin kabbara irin ta ranar ba. Na koma kujerata ina godiya ga Allah an gama. Ana cikin zuba shinkafa Baba Malam ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

"Daga bana," ya ce, "Badi'a ce za ta riƙa yi mana jawabin godiya. Yau ne na fara cin abincin taron nan da zafinsa."

Sanarwa

Alkawarin da na ɗauka shi ne ba za ki zo ta ƙarshe ba, kuma ni ban zo ba. Maganar makirufo da kika gani a saman rubutun nan fata ne kawai. Marubuciyar ba ta da alhakin gwiwar kowa, ko idon sawunsa, ko halin taubashinki, ko abin da gwaggonki za ta gani a wayarki. Wadda ta bi matakan nan ta tsinci kanta gaban lasifika, ita da danginta ne. Mai ƙorafi ta same ni a Kabo bayan Sallah mai zuwa. Ba zan yi wuyar ganewa ba, ni ce a gaba. Ta dai yi sauri, jawabina ba ya daɗewa.