Rasuwar Nagge, Landirobar Bappa Hammanjulde

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi yawa har aka daina jin sa, iyalan Bappa Hammanjulde na Nguroje suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da direbobin dutsen Mambila kaf rasuwar tsohuwar Landirobarsu, wadda aka fi sani da Nagge, wato saniya da Fillanci. Rai ya yi halinsa ne a ƙarshen daminar nan, bayan doguwar kwanciya a ɗaki mai siminti da rufin kwano. Ba a kan hanya ta cika ba, kamar yadda kowa ya zata.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Mahaifin Bappa ya saye ta a hannun wani Baturen dabbobi da zai koma gida, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Ta yi dakon ayaba da fiya da masara. Ta kai gishirin shanu rugagen da ko jaki sai an lallashe shi. Ta kai masu naƙuda asibitin Gembu, wasu ma a cikinta suka sauka. Ba a taɓa jin ta ce kaya sun yi yawa ba. Maganarta ba ta wuce "gur-gur-gur, tuf!" da sassafe, sai "ƙiii-ƙaƙas" in an nemi giya a tsakiyar hawa.

Tana da halinta, a faɗi gaskiya ko a kan mamaci. Rabon da makunni ya tashe ta tun Bappa yana da baƙin gemu. A kan gangara take kwana, kai ƙasa, dutse a gindin taya. Da safe a zare dutsen, ta mirgina, ta yi tari, ta kama. Birki kuwa sai an yi ta roƙo.

Sauran mutane shanu suka tara, shi Bappa gawar Landiroba ya tara. Duk inda ya ji wata ta mutu, Dorofi ne, Mayo Ndaga ne, ko hayin Kamaru, sai ya je gaisuwa ya dawo da mamaciyar a jaye. A dutsen nan matacciya ce ke ciyar da mai rai, kuma da haka Nagge ta kai abin da ta kai. Ƙofar hagu ta wata ce, lagireto na wata ne, fitilun ma ba uwa ɗaya ba.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hanyar alheri. Bara wani Alhaji mai tara tsofaffin motoci ya hawo daga Abuja, ya ga Nagge a tasha da lodin ayaba, ya riƙe baki. Ya zagaye ta, ya shafa, ya ɗauki hoto, ya ce irinta ta ƙare a duniya. Hoton ya isa hannun Barkindo, ɗan Bappa da ke aiki a Jalingo, sai ga shi da magina.

"Baba, wannan kayan tarihi ce, ba a ɗora mata ayaba," in ji shi. "Ku huta haka nan, kai da ita."

Ɗa ya yi abin kirki, da wane baki za a ce masa a'a? Aka gina ɗaki, aka shafe ƙasa sumul kamar faranti, ko ƙwai aka ajiye ba zai mirgina ba. Aka tura Nagge ciki aka sa kwaɗo. Kaico, ba wanda ya tuna cewa baiwar Allah ba ta san tashi a miƙaƙƙen wuri ba. Ba wanda ya tuna ɗan ruwan da ke tsiyaya cikin injinta, wanda tafiyar kullum ke ƙonewa. Damina guda ruwan nan ya samu wuri ya zauna.

Da sama ta ɗauke, maƙwabta suka taru suka turo ta bakin gangara. Bappa ya shiga, ya sa giya, ya saki kuloci. Tayoyi suka ja ƙasa, wani abu ya ce "ƙas" can ciki. Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Gidiyon bakanike ya buɗe injin, ya leƙa, ya cire hularsa.

"Bappa, sai haƙuri. Tsatsa ta cinye cikin, ga shi ya tsage. Ba aiki ya kashe ta ba, zama ne."

Bappa ya ce, "To." Har yau bai ƙara komai a kai ba. Yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci, in an yi masa ta'aziyya ya amsa kamar an tambaye shi hanya. Goggo Dudu, maiɗakinsa, wadda ta yi shekara da shekaru tana zagin motar saboda baƙin mai a riguna, ta ce wallahi gara ya yi kuka ta san da mutum take zaune.

Marigayiya ta bar Bappa da iyalinsa, da gawarwakin 'yan'uwanta a bayan gida, da buhun sifana, da igiyar ja, da tsohon littafin gyara na Baturen nan wanda ba wanda ya taɓa karantawa. Ta bar Barkindo, wanda yake bugo waya kullum yana rasa abin faɗa.

Alhajin Abuja ya aiko da ta'aziyya. Ya ce mutuwarta ba komai, shi dama ba tuƙawa zai yi ba. A ba shi ita ɗungurungum, kada a taɓa ko ƙusa, zai wanke ta ya ajiye ƙarƙashin fitila mutane su riƙa kallo. Bappa ya saurari ɗan aike har ƙarshe, ya ba shi shayi, ya ce a gaya wa Alhaji an riga an gwada ajiye ta.

Saboda haka za a yi jana'iza yadda aka saba, ranar Asabar in kasuwa ta watse, a ƙofar gidan Bappa. Duk mai Landirobar da ke numfashi ya zo da sifanarsa ya kwance abin da tasa ke bukata. Ba a sayarwa, ba a karɓar godiya, kuma kada a bar komai. Bappa ba zai fito ba, Gidiyon ne zai yi rabo. Roƙon iyalan ɗaya ne: wanda hon ya faɗo a rabonsa, don Allah kada ya danna shi in zai wuce gidan.