Koren Hakin da Na Dasa a Tsakar Gida

Shekarar da Baba ya gyara gidanmu na bakin gulbi a Argungu, ni na karɓi aikin lambu, don na dawo daga kwalejin malamai kaina cike da hotunan littattafai. Na zana komai a takarda: furanni a gindin katanga, a tsakiya kuma shimfiɗar koren haki inda zan riƙa zama ina karanta waƙoƙi.

A bakin fadama na tarar da hakin mafarkina, lif-lif kamar an taje shi. Har na gode wa Allah da ya tsiro mini da shi kyauta. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, na cire shi kaf na cika daro, na zo na dasa layi-layi.

Ashe irin shinkafar Kawuna ne, wanda zai dasa a gonarsa ta bana gaba ɗaya.

Kawu ya zo ya daɗe tsaye yana kallo, ni kuwa ina gefe ina jiran yabo.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "hakin ga naki, buhu nawa za shi ba mu?"

Ko tsawa bai yi mini ba, Allah ya saka masa da alheri. Inna da maƙwabta suka duƙa tare da ni muka tumɓuke, kafin magariba irin ya koma fadama, akasarinsa kuma ya kama.

Har yau, duk kaka sai Kawu ya aiko mini da ƙwaryar shinkafa, da saƙo: "A ce wa Malama hakinta ya nuna."