Gashin Ajan Wirot Ya Tafi Jeniba

Jama'a, a tafa wa Ajan Wirot, wato Malam Wirot a yaren ƙasarsu, Uban Injuna, gwarzon da bai taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba, amma duk hoton da aka ɗauka a ɗakin gwaji yana tsakiya.

Aikinsa da mutanensa a birnin Korat shi ne liƙa faya-fayan silikon, sirara kamar ɓawon albasa, waɗanda za a jera cikin ƙatuwar na'urar da ke bin sawun ƙwayoyin zarra a Jeniba. Da can da hannu ake yi, biyu a wuni. Kanya, injiniyarsa, ta shekara biyu tana koya wa wani hannun ƙarfe ya ɗauka, ya shafa gam, ya danne. Ajan ma ya yi nasa ƙoƙarin: ya raɗa wa injin suna Wirot Na Ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Faifai goma za a tura Jeniba gwaji. In sun tsallake, aikin nasu ne. In sun faɗi, ya koma wata ƙasa, shekara biyun Kanya sun bi ruwa.

Dokar ɗakin ɗaya ce: ba a shiga sai da hula da takunkumi. Amma ranar da ake liƙa su sai ga 'yan talabijin sun zo.

"Ajan, ga hula," in ji Kanya, hannaye haɗe a ƙirji don girmamawa.

"Ƙanwata, kan da ke tunani ba a rufe shi. Shekara sittin, ko furfura ɗaya babu. Bari ƙasa ta gani."

A nan ƙarami ba ya gaya wa babba magana sau biyu. Ta ajiye hular.

Ya sunkuya kan injin, ya nuna yatsa, ya kaɗa suma. Shi kuwa inji bai san babba ba. Ya shafa, ya danne.

Bayan sati uku aka yi taro ta bidiyo, masana ɗari biyu. Tara sun tsallake, hakan ya wadatar, aiki ya zama na Kanya. Na goma kuwa aka haska hotonsa, an ƙara girmansa sau ɗari huɗu: silin gashi kwance cikin gam kamar gungume. Samansa baƙi wuluk. Gindinsa fari fat.

Wata Bajamushiya ta ce, "Rinin mai kyau ne, sai dai a bar shi a gida."

Washegari, Ajan ne ya tambaya ko akwai hula mai rufe har keya.